Me Ke Raba Koci Da Ƙungiyarsa?

Wani mai sauraronmu daga Sundimina, ƙasar Birnin Kudu, ya aiko da tambaya: me ya sa kocin ƙwallo zai ci kofi bana, baɗi a ji ya koma wata ƙungiya? Ba cin amana ba ne?

To, Malam, mun gode da wasiƙarka. Koci ɗan ƙwadago ne, kamar wanda ka ɗauka ya nome maka gona damina ɗaya. Kwantiragi gare shi. In wa'adi ya cika, ko albashi ya maƙale, ko masu ƙungiya suka sauya ra'ayi, sai ya kama gabansa.

Dubi Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, mallakar gwamnatin Kano. Sau huɗu ta ci gasar Nijeriya, amma da koci uku: Kadiri Ikhana a 2008, Baba Ganaru a 2012 da 2013, sai Okey Emordi a 2014.

A ƙasashen waje kuma, inda iyali ke mallakar ƙungiya, rigimar gado kan shigo. A Amurka, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers, Jerry Buss, ya mutu a 2013 ya bar wa 'ya'yansa ƙungiyar. A 2017 'yarsa Jeanie ta tsige wanta Jim daga muƙaminsa, har magana ta kai kotu.

Saboda haka, kafin ka zargi koci, fara tambayar wa ke riƙe da lalitar ƙungiyar.