Wutar Jin Ɗumi da Kayan Gyaran Gida

Hunturu yakan shigo a watan Nuwamba, ya kai har Fabrairu. Sanyi ya fi tsanani a Disamba da Janairu. A lokacin nan kowa yana neman wuta, tsofaffi da yara da masu jego. Amma a lokacin nan ne kuma gobara ta fi yawa, gama ciyawa ta bushe, iska kuwa tana kaɗawa da ƙarfi. Saboda haka ya kamata mai gida ya san abu uku: icen da zai ƙona, yadda zai hura wuta a ɗaki, da kayan da zai gyara gida da su.

Zaɓen itace

Ɗanyen ice kusan rabinsa ruwa ne. In ka sa shi a wuta, zafin zai ƙare wajen busar da ruwan, kai kuwa sai hayaƙi za ka sha. Hayaƙi yana kawo tari da ciwon ido, ya fi cutar jarirai. Ka faskara icenka tun da kaka, ka jera shi bisa duwatsu don gara, inda rana da iska za su same shi.

Ice mai nauyi shi ne mai daɗewa a wuta. Marke da ƙirya da aduwa da bagaruwa suna ba da garwashi mai kyau. Kuka da rimi ba su da nauyi, nan da nan sai su zama toka. Kada ka ƙona roba ko leda ko katako mai fenti, hayaƙinsu guba ne.

Kada ka sare ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya ko gawo don wuta. Waɗannan suna ba mu abinci da inuwa da taki. Tun cikin shekarun 1980 manoman ƙasar Maraɗi suka kama wata dabara. In kututture ya yi toho a gona, ba su sassabe shi duka. Sai su bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Yanzu gonakinsu sun cika da itatuwa, suna samun icen wuta daga datsa kawai. Kai ma kana iya yin haka.

Wuta a cikin ɗaki

Ga abin da ya fi kome muhimmanci. Gawayi ko garwashi in yana ci a ɗakin da aka rufe ruf, yana fid da wata iska mai guba. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya. In barci yake yi, yana iya mutuwa bai farka ba.

Saboda haka ka bar taga a buɗe muddin akwai wuta a ɗaki. In ɗaki ya yi ɗumi, ka fid da kaskon waje kafin a kwanta. Ka nisanta shi da tabarma da labule, kada kuma ka bar yaro shi kaɗai da wuta. In ka ga wani ya galabaita, ka fito da shi fili maza, a kai shi asibiti.

Kayan aiki

Gida mai tsabta wuta ba ta samun abin ci. Ga kayan da kake bukata: gatari na faskare, adda ta datsa, lauje na yankan ciyawa, fartanya ta share gindin danga, manjagara na tara ganye, da tsintsiyar kwakwa ta sharar tsakar gida.

In ka je wurin maƙeri, kada arha ta ruɗe ka. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen, in ya yi ƙara tas, ba tsaga. Ka duba ƙota, kada ta kasance da huda irin ta ƙwaro. Ka girgiza ta ka gani ko ruwan gatarin ya zauna daram, gama wanda ya kwance yana iya fita ya sari mutum. Ka ɗauki wanda ya yi daidai da ƙarfinka.

In ka gama aiki ka goge ƙasa, ka wasa baki, ka shafa ɗan mai don tsatsa, ka rataye inda yara ba su kai. Ka share ciyawa kewaye da rumbu da danga. Toka kuwa, sai ta huce sarai sa'an nan ka kai gona. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me ɗanyen ice ba ya ba da ɗumi sosai?
2. Me za ka yi da kasko kafin ka kwanta?
3. Yaya za ka gane ƙota mai kyau?