Toka da ƙasar ma'adinai a gini: arahar da ke da sharaɗi

Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya a farkon 2024, tambayar mai gini ɗaya ce: me zai rage masa siminti? Wannan matsi ne ya sa ido ya koma kan abin da masana'antu da mahaƙa ke zubarwa.

Indiya ta daɗe a kan wannan hanya. A 1999 ta kafa doka cewa masu buga bulo kusa da tashoshin lantarki masu ƙona kwal dole su riƙa sa tokar tashoshin a aikinsu. Dalilin da ya sa abin ya karɓu shi ne tokar ba ciko ba ce kawai. Tana ɗauke da sinadarin silika, wanda in ya haɗu da farar ƙasa da ruwa yakan daskare ya kama kamar siminti. Bulon ba ya buƙatar gashi, ga shi an huta da kwasar ƙasar gona. Tokar ɓuntun shinkafa ma tana wannan aiki in an ƙona shi yadda ya kamata, kuma ɓuntu tsibi-tsibi yake a bakin injinan casa na Kano da Kebbi. Cikas ɗin shi ne kuɗin mota: shara nauyi gare ta, da an yi nisa da ita riba ta tafi.

Sai dai araha ba ta ado. A Arlit ta Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, an yi cikon tituna da duwatsun da aka fito da su daga ramuka. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta gano duwatsu masu fitar da tururin nukiliya a titunan Akokan da ke kusa da Arlit a 2007, Greenpeace ta sake samun irinsu a 2009. Da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke can a 2021, an bar tarkace kusan tan miliyan 20. A Filato ma, yashin da haƙar kuza ta bari yana ɗauke da monazait mai sinadarin toriyom, kuma ana ɗibarsa a yi yaɓe da shi, tunda ido ba ya bambance shi da yashin rafi.

Bambancin toka mai amfani da yashi mai cutarwa awo ne, kuma ba birkila ne zai yi shi ba. Ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, da ta kula da harkar nukiliya, NNRA, su auna kowane tsibi kafin tifa ta taɓa shi.