Mushen lakwal da ya tafi tafkin Cadi neman biram

Masu sauraren Muryar Sahel da yawa sun san sunan Malam Mamman Barka. Sun san shi da gurumi, sun san shi da waƙa. Amma ba kowa ya san mushen lakwal ne ba. Kuma ba kowa ya ji labarin tafiyar da ya yi zuwa tafkin Cadi a shekara ta 2002 ba, ya zauna gaban wani tsoho kamar ɗan makaranta.

An haifi Mamman Barka a Taskar, cikin ƙasar Gure, jihar Damagaram. Iyayensa Tubawa ne, makiyaya masu yawo da bisashe. Ba gidan makaɗa ba ne. Yaron ya shiga lakwal, ya yi karatu, har gwamnati ta ba shi aikin koyarwa. Daga nan ne sunan Malam ya kama shi. Yana koya wa yara karatu da lissafi, in ya tashi kuma ya ɗauki guruminsa. Gurumi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: ƙoƙo ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya. Da shi Malam ya yi suna a Nijar har da Nijeriya. Yana waƙa da Hausa, yana yi da Tubanci, yana yi da Barbarci.

Daga baya ya koma Yamai, a cibiyar koyon kiɗa da waƙa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a shekara ta 1989. Wannan gida makaranta ce ta makaɗa. Samari suna zuwa koyon jita da sauran kayan kiɗa na zamani. Akwai kuma wurin da ake ajiye kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasa: goge, molo, kalangu, algaita, kakaki, ganguna manya da ƙanana.

To, ajiye abu daban ne, iya shi daban ne. Goge da ke rataye a bango ba ya kuka da kansa. In mai goge ya mutu bai koya wa kowa ba, abin da ya saura ƙoƙo ne da gashin doki. Manomi ya san wannan magana a wajen iri: hatsin da aka daina shukawa shekara da shekaru, wata rana za a neme shi a rumbu a rasa. Cikin kayan kiɗan Nijar akwai wanda ya kai bakin wannan hali. Sunansa biram.

Biram na Buduma ne. Buduma mutanen tafkin Cadi ne, can gabas, a jihar Difa da ƙasar Cadi. Su da kansu suna kiran kansu Yedina. Masunta ne, makiyaya ne kuma. Su ne masu shanun kuri, farare masu ƙaho mai kauri, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Biram ɗinsu da itace ake sassaƙa shi, a rufe da fata, a ɗaura masa tsirkiya biyar. Siffarsa kamar kwale-kwale. Wanda ya gan shi a ajiye zai ce ƙaramin jirgi ne aka fitar daga ruwa. A wajen Buduma ba abin wasa ba ne. Suna cewa yana ƙarƙashin tsaron Kargila, iskan tafkin. Waƙoƙinsa na kakanni ne, da ruwa, da dabbobi, da jaruntakar mazan jiya.

Amma tafkin ya ja baya. Wajen shekara ta 1963 faɗin ruwansa ya kai kimanin kilomita murabba'i 25,000. Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984, waɗanda tsofaffin manoma da makiyaya ba su manta ba. Ruwa ya janye daga ɓangaren Nijar. Garin Ngigmi, wanda dā yake bakin ruwa, ya wayi gari tafki ya yi masa nisa. Masunta suka bi kifi, makiyaya suka bi ciyawa, iyalai suka watse. Samari kuma ga rediyo, ga kaset. Masu biram suka yi ta raguwa, har ya zamana gwani guda ɗaya aka sani, wani tsoho mai suna Bukar Tar.

A shekara ta 2002 Unesko, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta ba Malam Mamman Barka taimako don ya je ya koyi biram. Daga Yamai zuwa tafkin tafiya ce ta fiye da kilomita 1,300: a wuce Doso, a wuce Maraɗi, a wuce Damagaram da Gure, a kai Difa. A lokacin Malam ya haura shekara 40. Yana da suna, yana da almajirai. Mutum irin wannan ba kasafai yake yarda ya koma baya ya zama ɗan koyo ba. Shi ya yarda.

Tsohon bai miƙa masa biram a ranar farko ba. Baƙo ne, ba Buduma ba ne. Sai da aka yi masa tsarki irin na al'adarsu kafin Bukar Tar ya amince ya koya masa. Koyon kuma ba na yatsu kaɗai ba ne. Sai ya riƙe waƙoƙin da harshen Buduma, ya san ma'anarsu. Babu littafi, babu allo. Tsoho ya kaɗa, ɗan koyo ya saurara ya maimaita, in ya yi kuskure a sake. Mushen da ya saba riƙe alli yana gyara wa yara, ga shi ana gyara masa.

Da koyo ya kammala, Bukar Tar ya ba shi biram ɗinsa. Ba a daɗe ba tsohon ya rasu. Da tafiyar ta yi jinkiri da ƴan shekaru, da an tarar da kabari.

Malam ya dawo Yamai da sabon aiki a hannu. Mutumin da aka sani da gurumi ya koma ana kiransa mai biram. Ya haɗa kai da Umaru Adamu, gwanin ganga da kalangu da ƙwarya, suka riƙa kiɗa tare. A shekara ta 2008 suka je Ingila, wajen babban taron makaɗan duniya da ake kira WOMAD. Turawan da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka zauna suna sauraren waƙar masunta. A shekara ta 2009 wani kamfanin Ingila ya fitar da faifansu.

Wasu za su ce an ɗauke abin Buduma daga bakin ruwa an kai shi birni da ƙasar Turawa, inda ba a san Kargila ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Biram a kan dandali ba daidai yake da biram a tsibiri ba. Sai dai mai abin ne da kansa ya ba da shi, da hannunsa, bayan ya gwada mai karɓa.

Malam Mamman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga watan Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa. Waƙoƙin da ya koya a bakin Bukar Tar suna cikin faifan nan na 2009, da harshen Buduma.