Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Tsohon Babur

Duk ɗalibin da ke zuwa makaranta daga Sifawa, Boɗinga ko ƙauyukan Shagari ya san kuɗin mota da na kabu-kabu yadda suke cinye aljihu. Shi ya sa da an tara ɗan abin da aka tara, ko Baba ya sayar da buhunan gero ya agaza, sai a fara cigiyar babur na hannu. A nan ne da yawanmu muke faɗawa rami, domin tambayar farko da muke yi wa mai sayarwa ita ce, "Yana gudu?"

Akwai wata gasar babura a ƙasar Birtaniya da ba ruwanta da gudu, kuma ina ganin ta fi kusa da rayuwarmu fiye da tseren da muke kallo a waya. Ana shata wa mahayi hanya cikin duwatsu, rafi da taɓo, ya bi a hankali yana tsaye bisa matakan babur. In ƙafarsa ta taɓa ƙasa sau ɗaya an rubuta masa maki ɗaya, in ya faɗi ko ya kasa wucewa an rubuta biyar. Mai ƙarancin maki shi ne gwani. Mafi shahara cikinsu ita ce ta kwana shida da ake yi a tsaunukan Sikotlan, wadda aka fara tun 1909. Har yau akwai rukuni na musamman na tsofaffin babura, irin waɗanda aka ƙera kafin 1965, masu injin da iska ke sanyayawa, ba lagireto ba ruwa. To, wane ne a cikinmu bai taɓa yin wannan gasar ba, ba tare da alƙali ba, a cikin rairayin hanyar ƙauyensu ko bayan ruwan Agusta?

Abin da mahayan can suka gano tun tuni shi ne nauyi abokin gaba ne. Wani gwaninsu, Sammy Miller, ya daɗe yana cin gasa da ƙaton Ariel mai sisi 500, amma ya koma kan ƙaramin Bultaco na ƙasar Sifen mai kusan rabin wannan girman, ya ci gasar Sikotlan da shi a 1965. Daga nan manyan babura suka fara ja da baya. Kai ma haka. Babur ɗin da ba za ka iya tayar da shi kai kaɗai ba in ya kwanta cikin yashi, ba naka ba ne. Boxer mai sisi 100 ko wani mai 125 ya ishe ka.

Sai jan injin a ƙaramar giya. Ka hau, ka sa giya ta biyu, ka tafi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. Injin kirki zai ci gaba da ja ba shure-shure, kuma da ka murɗa totur ya amsa ba tari. Wanda sai an yi ta ba shi wuta kafin ya motsa, cikin rairayi kulocinsa za ka ƙona.

Yanzu zancen zafi, wanda shi ne babba a wajenmu. Waɗannan zara-zaran ƙarafan da ke jikin kan injin ba ado ba ne, su ne ke miƙa zafi ga iska. Turawa suna hawan nasu cikin sanyi da ruwan rafi, mu kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, ga shi cikin yashi tafiya a hankali ake, iska ba ta bugun injin sosai. Don haka ka duba ko sun karye, ko taɓo da maiƙo sun toshe tsakaninsu. Sauran aikin sanyayawar baƙin mai ke yin sa. Ka zare ma'aunin ka shafa a yatsa: in ya tsinke kamar ruwa yana warin ƙuna, mai babur ɗin ba ya juye. In ya yi kauri fiye da kima, ka yi hattara, wasu suna zuba mai kauri don su rufe ƙarar injin. Honda ma da ta fito da CG125 a 1975, ta tsara shi ne don ƙasashe irin namu inda ba a cika juye a kan lokaci ba, kuma injinan Cana da yawa da ke yawo a gari shi suka kwaikwaya.

Ni an taɓa yi min. Na iske babur an riga an ɗumama shi, bugu ɗaya ya tashi, na biya ina murna. Washegari da asuba na buga kik har cinyata ta gaji. Saboda haka ka ce wa mai shi, "Malam, gobe da sassafe zan zo, don Allah kada a tayar da shi." Ka fara taɓa injin da hannu ka ji sanyi. In ya tashi, ka zagaya ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a injin da ba a haɗa wa mai da fetur yana nufin ringi ko fistin sun gaji, aiki na jiranka.

Taya, sarƙa, birki da shok duk ana canzawa, sai dai ka rage kuɗinsu a ciniki. Firem da aka yi wa walda a wuya kuwa, ka bar shi ko da kyauta ne. Kuma ka zaɓi samfurin da bakaniken Boɗinga ke da kayansa a rataye, ba wanda sai an aika Kano ba.

Takardu fa? Ka gwada lambar injin da ta firem da abin da ke rubuce, harafi bayan harafi. In an goge ko an sake bugawa, ka juya ka tafi, don babur ɗin sata ranar jarrabawa yakan kai mutum ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, ka je da bakanikenka ba na mai sayarwa ba, sannan ka ware kuɗin hular kwano da juyen farko kafin ka faɗi tayinka na ƙarshe.