Yadda Aka Ceci Tsofaffin Kawunan Jirgi Shida Daga Hannun Masu Yankan Ƙarfe

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa a bakin loko ka ga tsohon kan jirgi ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa, awaki suna shan inuwa a gindinsa, wataƙila ka ce a ranka wannan kam ya gama yayi, sai masu sayen tsohon ƙarfe. To, a ƙasar Ingila akwai waɗansu mutane da ba su yarda da wannan magana ba, kuma labarinsu ne muka kawo maka a wannan mako.

A cikin 1961 da 1962 wani kamfani mai suna English Electric ya ƙera wa hukumar jiragen ƙasa ta Biritaniya kawunan jirgi guda 22 masu aiki da man gas, aka yi musu laƙabi da Deltic. Su ne suka karɓi aikin kawuna 55 masu cin kwal a kan hanyar da ta tashi daga London zuwa Edinburgh, babban birnin Sikotland, tafiyar mil 393. Kowane ɗaya yana da ƙarfin doki 3,300, yana gudun mil 100 cikin sa'a guda, har wannan doguwar tafiya ta koma ta sa'a shida. Ko wanne da sunansa, waɗansu an ba su sunayen rundunonin soja, waɗansu kuwa na shahararrun dawakin sukuwa.

Abin da ya bambanta Deltic da sauran kawuna shi ne injinsa, wanda kamfanin Napier ya ƙago tun asali domin ƙananan jiragen ruwa na yaƙi. An shirya shi kusurwa uku kamar duwatsun murhu, da karanshaf a kowace kusurwa. Silinda 18 gare shi da fistan 36, biyu-biyu suna fuskantar juna a cikin silinda guda, kuma irin wannan inji guda biyu ne a cikin kowane kai. Injin ba ya murza ƙafafun jirgi da kansa, janareto yake juyawa, wutar lantarkin da ya bayar ita ce ke tafiyar da motoci shida da ke murza ƙafafun.

Daga 1978 sababbin jirage da suka fi su gudu suka fara ƙwace musu hanya. Kafin 1981 ta ƙare an sallame su daga aiki, aka yi tafiyar ban kwana ran 2 ga Janairu, 1982. Guda 16 aka yayyanka su a ma'aikatar Doncaster, aka sayar da ƙarfen.

Amma da ma masu sha'awarsu sun hango wannan rana tun daga nesa. Tun cikin 1977, lokacin da kawunan ke kan ganiyar aiki, suka kafa ƙungiya mai suna Deltic Preservation Society, suka shiga tara kuɗi ta hanyar karo-karo. Saboda haka da ranar ta zo ba a same su hannu rabbana ba. A 1982 suka sayi biyu, Alycidon da Royal Highland Fusilier, daga baya suka ƙara na uku mai suna Tulyar. Gidan ajiye kayan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin York ya ɗauki ɗaya, waɗansu mutane dabam suka sayi biyu. Ta haka ne shida suka tsira. A 2003 ƙungiyar ta buɗe rumfarta a Barrow Hill, kusa da Chesterfield, domin kada ruwan sama ya ci gaba da cin jikin kawunanta.

Sai dai fa sayen kan jirgi shi ne mai sauƙi, riƙe shi ne aiki. Ruwa yakan kwanta a lungunan rufi ya huda ƙarfe, sai an yanke wurin an yi walda da sabo. Rigar wayoyin lantarki takan bushe ta farfashe, sai an sāke su. An daɗe da daina ƙera irin wannan inji, saboda haka in wani abu ya karye, ko dai a ciro daga tsohon injin da aka ajiye, har da irin waɗanda sojan ruwa suka daina amfani da su, ko kuwa a ɗauko tsohon zane a ba masu ƙira su yi sabo. Kuma ba a barin tsohon kai ya hau babbar hanya sai an sa masa na'urorin tsaro na zamani. Galibin masu wannan aiki ba a biyansu ko kwabo, ranakun hutunsu suke sadaukarwa. Shi ya sa gyaran Tulyar, da aka tsayar da shi a 1997, ya ci fiye da shekara ashirin.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. A 2011 wani kamfanin dakon kaya ya rasa isassun kawuna, sai ya yi hayar Royal Scots Grey, ɗaya daga cikin shidan, yana da shekara 50 a duniya, ya ja taragun ma'adinai a arewa maso gabashin Ingila. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma misalin abin da sakaci ke jawowa. A 1959 kamfanin nan ya ƙera ƙananan 'yan uwan Deltic guda goma masu inji ɗaya. Ba a sami wanda ya tsaya musu ba, aka yanke su kaf, inji guda tak ya rage. Da aka farga, sai da masu sha'awa suka nemo gangar jikin wani kan jirgi dabam suka gutsure ta, suka shiga gina sabo daga tushe, aikin da ya lashe shekaru da kuɗi masu yawa.

Wannan labari bai yi mana nisa ba, gama kamfanin English Electric ɗin nan shi ya ƙera wa Nijeriya kawuna goma masu aiki da man gas a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. An fara wani ƙoƙari a Ikko, inda ƙungiyar Legacy ta gyara tsohon gidan nan na Jaekel da ke Ebute Metta a 2010, ya zama ƙaramin gidan tarihin reluwe. Amma gida yana iya jira, ƙarfen da ke kwance a fili ba ya jira. Haka nan tsofaffin direbobi da kanikawan da suka san ciki da bai na waɗannan injuna kullum raguwa suke yi.

Abin da ya kamata shi ne a ƙidaya tsofaffin kawunan da suka rage a lokokinmu, a ware ɗaya daga kowane iri a shigar da shi rumfa, a tattara takardun zanensa da kayan gyaransa, sa'an nan a zauna da tsofaffin ma'aikata a rubuta abin da suka sani. Mutanen Ingila shekara huɗu suka riga masu yanka shiri, duk da haka shida kaɗai suka samu daga cikin 22.