Jita A Majami'a: Idan Makaɗi Ya Fi Ƙarfin Ƙungiyarsa

A garuruwan ƙasar Gwandu, irin su Masama, Kalgo da Gwandu kanta, ikilisiyoyinmu ƙanana ne. Da yawa daga cikin masu bi baƙi ne waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo daga Zuru, Yawuri, Filato, kudancin Kaduna da kudancin ƙasar nan. A irin wannan ikilisiya sau da yawa mutum ɗaya ne tak ya iya kaɗa jita. Idan yana cikin farin ciki, sujada ta yi armashi. Ranar da ya yi fushi kuwa, har fasto sai ya ji a jikinsa. Wannan matsala ta sha raba matasa da dattawa, ta kuma sa wasu sun daina zuwa sujada, don haka ya kamata mu dube ta da idon basira.

Yadda jita ta shigo

Iyayenmu na farko cikin bangaskiya da murya kawai suke rera waƙoƙin Littafin Waƙoƙi. Daga baya Zumuntar Mata ta shigo da tulu, ganga da caki, kayan da kowace mace za ta iya karɓa daga hannun 'yar'uwarta. Aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda aka soma a 1963, ya haifar da ƙungiyoyin mawaƙa a birni da ƙauye. Tun daga shekarun 1980 kuma, mawaƙa irin su Panam Percy Paul na Jos suka sa matasa sha'awar jita ƙwarai.

Amma jita ba kamar caki ba ce. Tana da tsada, tana ɗaukar watanni kafin yatsu su saba da tsirkiyoyinta shida, ta lantarki kuma sai da amfilifaya da janareta. Abin da mutane kaɗan suka iya, shi ne ke sa mai shi ya ɗauka ba a yi sai da shi.

Halayen da ake kuka da su

Na farko shi ne wanda ba ya zuwa koyon waƙa ranar Asabar, sai ya ɓullo da safiyar Lahadi ana tsakiyar addu'ar buɗewa, ya tsaya yana daidaita tsirkiya jama'a suna jira. Na biyu shi ne mai murɗa ƙara. Ya ƙara tasa, mai ganga ya ƙara ƙarfin hannu, mai kibod ma ya ƙara, har tsofaffin da ke bencin gaba su kasa jin kalmomin waƙar. Na uku shi ne wanda bai iya kiɗa ba sai a murya ɗaya ko biyu, ya tilasta wa kowa ya bi shi, ko da waƙar ta yi wa jama'a tsayi har mata suna shaƙewa. Na huɗu, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne mai yaji. Da zarar shugaban mawaƙa ya yi masa gyara, sai ya naɗe wayarsa ya tafi gida, yana jira a aiko dattijo ya ba shi haƙuri.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ba kullum laifin makaɗi ba ne. Akwai ikilisiyar da tsirkiya za ta tsinke, yaro ɗan makaranta ya saya da kuɗinsa, ba wanda ya ce masa sannu. Akwai mai jagorar sujada da zai ɗaga waƙar da ba a koya ba, sa'an nan ya harari makaɗi idan ya yi tuntuɓe. Ko maganar ƙara ma, sau da yawa amfilifaya tana ƙasa ne a bayan ƙafafunsa, sautin yana wucewa ta gwiwarsa zuwa kunnen jama'a, shi kuwa bai jin kansa sosai. Ga rufin kwano da bangon siminti suna maido da amo. A ɗora ta a kan kujera ta fuskanci kunnensa, da kansa zai rage.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Cikin 1 Tarihi sura 25, Sarki Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf, Heman da Yedutun domin kiɗa a gidan Allah. Gwanaye 288 ne, aka raba su kashi 24, kowane kashi mutum 12. Da aka zo rabon aiki sai aka jefa ƙuri'a, babba da yaro, malami da almajiri, duk daidai. Ashe tun a wancan zamani an san cewa gwani yakan so a fifita shi, aka kuwa toshe wannan ƙofa da tsari.

Manzo Bulus, cikin 1 Korantiyawa 14:7, ya yi misali da kayan kiɗa: idan sautinsu bai fita sarai ba, mai ji ba zai gane abin da ake kaɗawa ba. Manzo Yahaya kuma, a wasiƙarsa ta uku, ya ambaci Diyotarifis, mutumin da son zama na gaba ya sa ya ƙi karɓar 'yan'uwa. Shugabanni ma su tuna da Saul, wanda garayar Dawuda ta sha kwantar masa da rai, amma kishi ya sa ya jefe shi da mashi. Wani lokaci abin da ake kira girman kan makaɗi, kishin shugaba ne.

Ko a kiɗan gargajiya darasin yana nan. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi, kowa ya san gurbinsa, kiɗa bai danne magana ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Mai son ya yi yadda ya ga dama yana iya bin hanyar Ɗan Maraya a ɗakinsa. A majami'a kuwa aikin jita shi ne ta ɗauki muryar jama'a.

Matakan gyara

Da fari, a bi Matiyu 18:15-17. Shugaban mawaƙa ya sami ɗan'uwan su biyu kawai. In bai ji ba, ya koma da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai gaban ikilisiya. Gyara daga bagade ko a gaban 'yan mata da samari yakan taurara zuciya.

Na biyu, a rubuta doka wadda ta hau kowa: wanda bai zo koyo ba tare da dalili ba, ba zai kaɗa ran Lahadi ba, ko da ɗan fasto ne. A zaɓi waƙoƙi tun tsakiyar mako, a kuma ba mutum ɗaya ikon rage ƙara ko ƙara ta.

Na uku, ikilisiya ta mallaki kayanta, ta ware kuɗin tsirkiya da gyara daga baiko. Wanda ya zo da jitarsa a gode masa, amma kada sujada ta rataya a kanta.

Na huɗu, kowane makaɗi ya koyar da yara biyu. Ma'aikaci yau yana Kalgo, gobe takardar canji ta kai shi Argungu ko Birnin Kebbi. Idan hannu ya yi yawa, yaji ya rasa ƙarfi.

A ƙarshe, kada a ji tsoron yin sujada Lahadi ɗaya ko biyu da tafi da tulu kawai. Mu tuna kuma muna zaune ne tsakanin maƙwabtanmu Musulmi. Rigimar mawaƙa da ƙarar lasifika marar ƙa'ida duk suna fita ta taga, shaidarmu kuwa suke ɓatawa. Makaɗin da ya tuba ya dawo, a karɓe shi hannu bibbiyu, gama ransa ya fi jitar daraja.

Ubangiji ya ba mawaƙanmu tawali'u, ya ba shugabanninmu hikima da haƙuri. Amin.