Kenzo Tange: Mutumin da ya farfaɗo da Hiroshima, ya kuma zana tsakiyar Abuja

Duk wanda ya tsaya a dandalin Eagle Square ya dubi Majalisar Tarayya da Dutsen Aso a bayanta, yana kallon tunanin wani Bajapane ne da bai cika shiga bakin 'yan Najeriya ba. Sunansa Kenzo Tange, ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen gine-gine na ƙarni na 20.

An haifi Tange a shekarar 1913, ya tashi a garin Imabari, ya yi sakandare a Hiroshima. A can ne ya ci karo da zanen Le Corbusier, jagoran salon ginin zamani, a wata mujalla, daga nan ya ƙudurta sana'ar da zai yi. Wannan salo ya yi watsi da ado da ƙyale-ƙyale, ya dogara da kankare da ƙarfe da gilashi, bisa aƙidar cewa amfanin gini shi zai tsara siffarsa. Tange ya kammala Jami'ar Tokyo a 1938.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. A 1942, lokacin da sojojin Japan ke mamaye da ƙasashen maƙwabta, ya lashe gasar zana wani ginin tunawa da zai ɗaukaka wannan mamaya. Ba a gina shi ba, domin yaƙi ya juya wa Japan baya. Shekara bakwai bayan haka, shi ɗin dai ya lashe gasar tsara Dandalin Zaman Lafiya na Hiroshima, birnin da Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta, 1945. Ya ɗora gidan tarihin dandalin a kan ginshiƙai, ya jera shi a layi ɗaya da wurin tunawa da mamata da kuma kangon ginin nan da bam bai ƙarasa rushewa ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, idonsa zai faɗa kan kangon, ko ya so ko ya ƙi. An buɗe gidan tarihin a 1955.

Daga nan tauraronsa ya haska. Zauren wasanni na Yoyogi, wanda ya zana domin gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, rufinsa rataye yake a jikin igiyoyin ƙarfe kamar gada, don haka babu ginshiƙin da ke tare wa ɗan kallo gani. Bayan girgizar ƙasar da ta rugurguza Skopje a 1963, tsarinsa ne ya zo kan gaba a gasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya don sake gina tsakiyar birnin. A 1987 ya zama Bajapane na farko da ya karɓi lambar yabo ta Pritzker, mafi daraja a wannan fage. Ya rasu a 2005 yana da shekara 91.

To, me ya haɗa shi da Abuja? A 1976 gwamnatin Janar Murtala Mohammed ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Kamfanin International Planning Associates na Amurka ne ya fitar da babban tsarin birnin a 1979, sannan aka miƙa wa kamfanin Tange aikin fayyace tsakiyarsa. Kamar yadda ya yi a Hiroshima, ya ɗora komai a kan doguwar layi guda: ma'aikatu a gefe da gefe, filin taruwar jama'a a tsakiya, layin ya nufi rukunin majalisa da fadar shugaban ƙasa da kotun ƙoli, a gindin Dutsen Aso. Ba duk abin da ya zana aka gina ba. Gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991.

Nan ne muhawara take. Masu yabo na ganin ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana buƙatar birnin da ba na wata ƙabila ba, mai tsari da kwarjini. Masu suka kuwa na cewa irin wannan tsari yana ɗaukar ƙasa kamar farar takarda, alhali Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin suna zaune a wurin tun kaka da kakanni, kuma har yau batun diyya da sake tsugunar da su bai mutu ba. Manyan tituna sun fi dacewa da mai mota, yayin da ƙaramin ma'aikaci ke kwana a Nyanya ko Kubwa ko Mararaba, ya yi asubanci cikin cunkoso.

Ba adalci ba ne a jibga wa Tange laifin duka, domin rabon filaye da rusau da tsadar haya aikin hukumomi ne. Amma tarihinsa ya nuna cewa zanen birni siyasa ce: alƙalamin da ya yi wa masu mamaya aiki shi ya yi wa masu neman zaman lafiya. Don haka duk lokacin da aka aika da motar rusau da sunan kare "ainihin tsarin Abuja", ya dace matasa su tambaya: wa aka yi tsarin dominsa, kuma wa aka manta da shi tun a kan takarda?